Rabin Albasa Zuwa Anacha

Har na kai shekara goma sha tara ban taɓa zaɓar launin kayan da zan sa ba. Baba dillalin albasa ne a Rumuokoro, cikin Fatakwal, kuma yadda yake sayen albasa haka yake sayen atamfa: da yawa, iri ɗaya. In sallah ta matso sai ya shigo da turame masu launi guda, a ɗinka wa kowa daga Inna har autarmu, abin da ya ragu a yi labule. Akwai shekarar da ina tsaye jikin taga baƙuwa ta yi sallama sau uku ba ta gan ni ba.

Da na sauke Alƙur'ani aka sa ranar walima, sai Baba ya ce, "Wannan karon ke za ki zaɓa. Kawunki zai je Anacha jibi, ki faɗa masa kalar da kike so. Turmi ɗaya ne fa."

Turmi ɗaya, ga hoton da za a rataye a falo har in tsufa. Na shiga waya ina nema, na ci karo da wata mata tana cewa kowane mutum yana da launin da ke kunna fuskarsa kamar fitila. Wai ki zauna jikin taga da safe, ba hoda ba janbaki, ki riƙa kara yadi kala-kala a ƙarƙashin haɓa har ki ga wanda ya tashe ki. Maganar ta shige ni. Na wuni ina tunanin wani launi yana can wani wuri yana jirana tun ranar sunana.

Inna ta hana ni buɗe akwatinta, ta ce damina ce, kayanta za su sha raɓa. Sai na faɗa ɗakin ajiya, inda abokan Baba suke barin kayan gwari daga Arewa, na ciko faranti. Na zauna jikin taga da madubi. Alƙalaina biyu ne: Inna, da Anti maƙwabciyarmu, 'yar kudancin Kaduna mai aikin jinya.

Na kara tumatir. Inna ta ce, "Kin yi kama da wadda aka mara."

Na kara karas. Anti ta matso ta ja fatar idona ƙasa. "Yaushe rabonki da asibiti? Wannan ai shawara ce."

Kabewa ta tsufar da ni. Da ganyen ugu na miya kuwa, Inna ta ce kamar mai tashin zuciya a mota. Saura albasa. Na raba ta biyu na ɗaga rabi, mai launin nan da ke tsakanin ruwan hoda da shunayya, kamar sararin Fatakwal bayan an ɗauke ruwan la'asar. Idanuna suka cika da ƙwalla, suka yi wani ƙyalli da ban san suna da shi ba.

"Tubarkalla!" in ji Inna. "Wannan 'yata ce?"

Anti ta ce, "Maman yara, hawaye ne fa, ba kala ba." Amma ita ma tana share nata, ba wanda ya saurare ta.

Ba mu san sunan launin ba, Kawu kuma ƙanin Inna launi uku ya sani a duniya: fari, baƙi, da "mai ɗan duhu". Sai na ƙulle rabin albasar a leda na ba shi, na ce ya nuna wa mai shago.

Ranar tafiyar, wajen azahar ya bugo daga babbar kasuwar Anacha. "Ke 'yar nan, wane ɓawon? Abin nan kala bakwai ne a ciki."

"Na biyu daga waje, Kawu."

"Na biyun ya yanƙwane, mun yar. Muna kan na uku."

Ina jin mai shagon, wani Inyamuri, yana jan hanci yana cewa da Turancin buroka, "Alhaji, which kain sample be dis? See my eye!" Kawu ya ce mutumin ya sauko da leshi da shadda da atamfa, yana kara albasar yana kuka, maƙwabtansa sun taru suna tambaya ko rasuwa aka yi.

Ya sake bugowa. "Muna kan na biyar. Ya fara fari."

"Kawu, ku daina ɓarewa!"

"Ba ni ba ne, kowa ya zo sai ya ɓare ya duba. Tsaya, ya ce ya gane. Wallahi ya gane! Ga ta nan sak, kamar an ɗauki hoto." Ya kashe.

Da ya dawo, na buɗe ledar da ya kawo. Atamfa ce koriya shar, an zana mata albasa manya-manya, kowacce ta kai girman kan jariri, har da saiwa da ganye. Na ƙirga huɗu a faɗin ƙirji kaɗai. Anti ta toshe baki da zani ta fice. Inna ta ce, "Ai koren ma..." ta kasa ƙarasawa.

Ina shirin cewa sai dai in yi walima da labule, Baba ya shigo. Ya ɗaga turmin ya daɗe yana kallo. Ya shafa albasa ɗaya da babban yatsa, kamar yadda yake yi a bakin buhu.

"Ke kika zaɓi wannan?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Duk karatun nan naki, ashe ba ki jin kunyar sana'ar ubanki."

Kawu ya buɗe baki, Inna ta taka masa ƙafa.

Na ce, "Ni na zaɓa, Baba."

Washegari da kansa ya raka ni wajen tela, ya tsaya a kansa yana gargaɗi kada almakashi ya raba ko albasa guda ɗaya biyu.