Ganyen Kalgo a Gonar Madekali

Shekarar da na aje aikin direktan lakwal, wato shugaban makaranta, na dawo Malanville da zama, abin da ya fara tarbata shi ne maganar sayar da gonar mahaifinmu da ke Madekali. Ƙanena ne yake noma ta tun rasuwar tsohon. Ya zo ya same ni, ya gaishe ni, sannan ya ce gona ta mutu. Masarar da take cika rumbu a zamanin ƙuruciyarmu yanzu ba ta kai iyali ko tsakiyar rani, takin zamani kuwa ana zuba shi kamar ana zuba ruwa cikin kwando. Wani ɗan kasuwar albasa daga ƙetaren kogi yana son wurin ya gina magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, don gonar tana bakin hanya.

Mu uku muka rage cikin 'ya'yan tsohon: ni, da ƙanena, da Hajiya babbar yayarmu, wadda maganarta ce ta ƙarshe a gidanmu. Na roƙe ta a ba ni damina uku. In gona ba ta farfaɗo ba, ni da kaina zan sa hannu a sayar.

"Kai da ka ƙare rayuwarka riƙe da alli," in ji ta, "yau kai ne za ka tada ƙasa?"

Na ce, "Hajiya, na tada ƙwaƙwalwar da ta fi wagga ƙasa tauri."

Ta yi dariya, ta ba ni.

Ban zo da wani abu daga littafi kawai ba. Na tuna gonar a lokacin mahaifinmu tana da gawo manya, kuma masarar da ke ƙarƙashinsu ita ce ta fi kowace tsawo. Gawo itace ne mai ladabi: da damina yake zubar da ganyensa ya bar wa shuka rana, ganyen kuma ya zama abincin ƙasa. An sare su duka da zuwan garmar shanu, wai suna tare hanya. Wani malamin gona da muka yi zama tare a Gene ya taɓa bayyana mini cewa ɗanyen ganyen itace, in an binne shi, taki ne. A gonarmu kuwa kalgo da sabara suna toho daga kututturensu kowace shekara ba tare da an shuka su ba.

Sai dai al'adar mutanenmu ita ce sassabe. Kafin ruwa ya sauka, manomi yakan sare duk tohon, ya tara, ya cinna wuta, ya bar gona fes kamar tsakar gida. Da wannan ake gane mutum mai himma. Wanda ya bar ganye da ƙirare a gonarsa, raggo ne, ko mara lafiya.

Na hana wuta. Na sa aka sare kalgo da sabara da ɗanyensu bayan ruwan fari, aka shimfiɗa cikin kwari, aka yi huɗa a kansu. Itacen mata suka kwashe don girki, ganyen ya zauna cikin kunya. 'Yan tsiron gawo da na samu na ɗaure wa kowane jan ƙyalle, don mai garma ya kauce musu.

Wata safiya, tun huɗar ba ta kai bakin hanya ba, na hau moto na tafi gonar, tun daga nesa na hango hayaƙi. Ƙanena ya ƙone duk ɓangaren da ke bakin hanya. Na tarar da shi tsaye cikin toka, fartanya a kafaɗa.

"Wa ya ba ka izini?"

"Yaya, kai kana birni. Ni ake wa dariya. Surukina ya wuce nan jiya, ya tambaye ni ko ciwo nike. A masallaci cewa suke direkta ya mai da gonar ubansa juji."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma shekarun da na yi ina shugabantar malamai sun koya mini cewa mutumin da kunya ta kama ba a rinjayarsa da tsawa. Na ce masa to, mun raba: bakin hanya nasa, ya ƙone yadda ya ga dama, ciki nawa. Iri ɗaya za mu shuka, rana ɗaya, ɗan takin zamanin da muke iya saye mu raba daidai.

Damina ta fari ba a ga wani bambanci ba, har nasa ya ɗan fi kyau da farko, don toka tana da nata amfani na ɗan lokaci. Ya riƙa yi mini barka da ganye duk inda muka haɗu. Na ci gaba da binne ganyena. Ƙasar da aka shekara da shekaru ana ci ba a mayar mata, ba ta ƙoshi da cin rana ɗaya. A ta biyu na lura gara ta shiga ganyen tana huda ƙasa, ruwa yana nutsewa maimakon ya gudu. Ƙuduji, wannan ciyawa mai jan fure da ke shanye masara, ya ragu a wurina.

A damina ta uku ruwa ya ɗauke daidai lokacin da masara ke goyo. Ganyen masarar bakin hanya ya naɗe, ya yi fari-fari. Ɗan kasuwar albasa, wanda ke wucewa ta nan kullum, ya aika wa Hajiya cewa ta zo ta ga abin da ya rage. Ita ma ta sa aka kawo ta, ta sauka a bakin hanya, ta dubi masara, ta ce, "Direkta, wa'adinka ya cika. Mu koma."

Na ce, "Hajiya, ba a yanke wa ɗalibi hukunci da bangon littafinsa. Ki taka ciki."

Ta yi ƙorafin gwiwa, amma ta dafa kafaɗata muka shiga, ƙanena yana biye. Da muka wuce iyakar toka, masara ta fi mu tsawo, kore shar, kowane kara da goyonsa. Hajiya ta saki kafaɗata. Ta durƙusa a hankali, ta cusa hannu cikin kunya, ta ɗebo ƙasa baƙa mai sanyi, ta dunƙule ta, ta sunsuna.

"Wannan ƙamshin gonar Baba ne," in ji ta. Sai ta juya ga ƙanena. "Kai kuma ka share wa masu wucewa hanya, ka bar 'ya'yanka da yunwa."

Ya ce, "Hajiya, ai ni na taimake shi. Da ban ƙone ba, da mi za a gwada?"

Ta jefe shi da dunƙulen ƙasar.

Ita da bakinta ta mayar wa ɗan kasuwa amsa cewa gona ba ta sayarwa ba ce. Yau gawon da na ɗaure wa jan ƙyalle sun kai a zauna inuwarsu da rani, ƙanena kuma shi ke binne ganye da hannunsa. Amma har yanzu yakan share 'yan kunyoyi biyu na bakin hanya ya ƙone, saboda idon surukinsa. Na bar masa su.