Layin Kaltume, Fuskar Badaru

Kaltume mai ƙuli-ƙuli maƙwabciyata ce a ƙauyenmu na gabas da Ɗanbatta, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinta ba. Tun rasuwar mijinta, da kaskon tuya take riƙe gida. Ɗanta ɗaya tilo, Sama'ilu, ya tafi haƙar zinare can arewacin Nijar a shekarar da masara ta gagari talaka. Ba shi da waya, sai ya samu aro yake kira, kuma lambar uwarsa kaɗai ya haddace.

Ana nan sai kamfani ya rufe layin, wai ba a haɗa shi da katin ɗan ƙasa ba. Ranar kasuwa ta ɗauki katinta ta tafi ofishin kamfanin, ta sha jira a rana. Ma'aikacin ya duba kwamfuta ya ce layin ba nata ba ne. Ashe lokacin da aka saye shi tana cikin kulle, mijin yana jinya, sai ƙanensa Badaru ya je aka ɗauki hotonsa da yatsansa. A wurin kamfani Badaru ne mai layi. In bai zo da kansa ba har aka daɗe, wani za a ba lambar.

Badarun nan kuwa, tun rabon gado ko gaisuwarsa ba ta amsawa, a kan wata bishiyar ɗorawa ta bakin iyakar gona. Na ce ta sayi sabon layi mana. Ta harare ni, ta ce Sama'ilu duba yake yi da zai san sabuwar lamba?

Ta yi kwanaki tana huce haushi a kan kaji, sannan ta yafa mayafi ta same shi a gona. Na bi ta don rabon faɗa. Ta tsaya a gabansa. Badaru ya ajiye fartanya.

"Yaya, maganar wayar ce? Ai da aike kika yi. Sama'ilu ɗana ne."

Suka tafi ofishin tare. Sai da aka gwada yatsunsa kusan duka kafin na'ura ta yarda, don kantar riƙon fartanya ta cinye zanen. Aka buɗe layin, aka mayar da shi sunanta.

Kiran Sama'ilu bai zo ba sai bayan girbi. Ta katanga na jiyo ta tana yi masa faɗan shirun da ya yi. Ni kaina sai da na zauna na yi hamdala. Can na gan ta ta fito ko takalmi babu, waya a kunne, ta nufi gidan Badaru da sauri, kada mai wayar can ya karɓe abinsa Badaru bai ji muryar yaron ba.