Na Turara Jirgin Mijina

Assalamu alaikum masu wannan fili. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan, wasu su sa ni hawaye, wasu su bar ni riƙe da baki, yau dai na ce bari ni ma in juye nawa, ko da dariya za a yi min. Ni 'yar Mafoni ce a Maiduguri, aure ya kai ni unguwar Jiddari Polo. A lokacin da abin nan ya faru ba ni da abin alfahari da ya wuce turaren wutana. A hannun kakata na koya. Ni nake soya icena, ni nake haɗa humrata, iyayen amare har daga wasu jihohi suke aiko min. Ina da baki, ban musa ba, ga saurin fushi, kuma a ganina babu wata matsala a cikin gida da ta fi ƙarfin kasko da garwashi.

Maigidana makanikin jirgin sama ne, ya yi aikinsa har ya yi ritaya. Bai daɗe da ajiye aiki ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Allah Ya sa abin ya zo da sauƙi, ya miƙe, bakinsa ya daidaita, sai dai hannun dama ya rage yana 'yar rawa. Likita ya ce wannan ba komai ba ne. Shi kuwa ya ɗauke shi komai. Mutumin da a da ba ya iya jin fanka tana ƙara bai kwance ta ba, sai ga shi ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, daga sallah sai kallon ƙasa. In na yi faɗa ba ya tankawa, in na yi raha ba ya dariya. Wallahi tsoro ya kama ni, don na ga yadda irin wannan zaman yake cinye maza da ransu.

Ana haka wata rana sai ga babbar mota a ƙofar gidanmu ɗauke da gawar jirgi. Gawa mana, don ba ni da wani sunan da zan kira shi. Ɗan ƙarami ne mai kujera biyu, fukafukansa a cire, gilashin ya dushe, ɓeraye sun yi gida a cikin kujerun. Ashe na wani tsohon matuƙin jirgi ne, aminin maigidana. Shi ya yi odarsa gunduwa-gunduwa a cikin akwatuna daga ƙasar waje, ya haɗa abinsa da hannunsa, ya yi ta yawo a cikinsa har tsufa da rashin zaman lafiyar da muka shiga suka sa ya ajiye. Da ya rasu, 'ya'yansa suka rasa yadda za su yi da shi, suka ce babu wanda ya dace da shi sai abokin babansu. Na buɗe baki zan fara ruwan masifa kan an mai da min gida bola, sai na hango maigidan ya tashi daga tabarma ba tare da ya dafa bango ba, yana zagaya abin yana shafa shi. Na haɗiye maganata, na ce a fitar da mota daga gareji a shigar da baƙo.

Daga ranar na samu mijina ya dawo. Da hantsi yana gareji, yana ta 'yan waƙe-waƙensa na Kanuri da na manta ma ya iya. Abincin da a da sai na yi ta roƙo, yanzu har ƙari yake nema. Ya bayyana min cewa jikin jirgin ba ƙarfe ba ne, faiba ce, wato wani irin yadi mai zaren gilashi da ake jiƙawa da gam, a shimfiɗa fala-fala, in ya bushe ya yi taurin da guduma ma sai ta yi da gaske. Inda ya tsage a fiffike sai a kankare da samfefa, a shimfiɗa sabon yadi a kai. Ya kafa min doka guda: kada in taɓa, kada in share, kada in goge. Ya ce ko maiƙon yatsa ya hau inda ya kankare, gam ba zai kama ba. Na ce masa ni da hannuna ke shan lalle me zai kai ni taɓa wannan ƙazanta, ya kwantar da hankalinsa.

Abin da ya hana ni sakat shi ne warin gam ɗin. Wari ne mai hawa kai, ya cika gidan har ɗakin da nake ajiye kwalaben turarena. Ranar da wata uwar amarya ta shinshina turarena ta ce kamar tana jin ƙaurin fetur a ciki, na ji kamar ta mare ni. Ni, a gidana! Amma gaskiya ba fushi kaɗai ba ne. Zuwa lokacin na fara son jirgin, don shi ya tashe min mijina. Mu kuma a Borno duk abin da muke so turara shi muke yi. Amarya a turara ta, sabon ɗaki a turara shi, baƙo ya zo a sa masa kasko a gabansa, laffaya a ɗora ta kan kabbasa, wato kwandon da ake kifawa a kan kasko, ta sha hayaki har ya shiga zarenta. Sai na ce wannan bawan Allah da ya yi shekaru cikin fitsarin ɓera ai ya cancanci karramawa. Duk sanda maigidan ya gama kankara ya fita masallaci ko kasuwa, sai in ɗebo garwashi, in zuba mafi kyan turarena, wanda nake ɓoye wa amare na musamman, in tura kaskon ƙarƙashin fiffike, in ja ƙofar gareji in rufe ruf don hayakin ya kama sosai. Kafin ya dawo na ɗauke. Ban taɓa ba, ban share ba, ban goge ba, don haka a wajena ban karya doka ba. Shi kuwa mutumin da tun aurenmu a cikin wannan ƙamshin yake kwana yake tashi, hancinsa ya daina jin sa, ko kusa bai lura ba.

Matsala ta fara ne ranar da ya ɗauko wani tsohon kwabo yana ƙwanƙwasa inda ya gyara. Haka suke gwadawa: inda ya kama da kyau sai ka ji ƙara tas-tas, inda bai kama ba sai ka ji sautin ya mutu. Ya bi fiffiken yana bugawa, fuskarsa tana sauyawa. Ya sa bakin wuƙa ya ɗaga gefe, sai ga aikin da ya sha wahala a kansa ya ɓantaro gaba ɗaya kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Da farko ya zargi gam ɗin. Ya je wajen wani ɗan kasuwa Ibo da ke kawo masa kayan, mutumin kirki da ya daɗe a garin nan har yana gaisuwa da Kanuri, ɗan kasuwar ya rantse masa kayansa sababbi ne, amma duk da haka ya sake masa wani. Maigidan ya sake kankarewa, ni kuma na sake turarawa, har da ƙara yawa don in kore masa baƙin ciki. Ya sake shimfiɗawa, ya sake ɓantarewa. Da aka yi ta haka, wata rana ya fito daga gareji ya miƙo min hannunsa na dama yana kallonsa, ya ce ba gam ba ne, shi ne. Ya ce awon haɗa gam ba ya son kuskure, hannun da ke rawa kuwa ba ya awo, kuma ba zai ɗora ran ɗan wani a kan aikin da shi kansa bai yarda da shi ba. Ya lulluɓe jirgin da tamfol, ya ɗauko tabarmarsa, ya koma gindin dalbejiya.

Na shiga garejin ne don in yi kukana inda ba zai gani ba. Na ɗaga tamfol, a karon farko na karya dokarsa, na ɗora yatsa a kan gilashin inda matuƙi ke zama. Yatsan ya ja layi a cikin wani danƙo mai ruwan ɗorawa. Na san danƙon nan, shi nake gogewa a madubin ɗakina kullum. Na kai hanci, sai ga ƙamshin turaren sandal ɗina. Innalillahi. Ni da nake soya ice da sukari da man turare da hannuna, ni da nake gaya wa mata cewa turare mai kyau shi ne wanda maiƙonsa ke kama yadi ya ƙi fita, ban taɓa haɗa wannan da maganar maiƙon yatsa ba. Na zauna a kan wani bokiti.

Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne ban faɗa masa nan take ba. Na yi 'yan kwanaki ina kai masa abinci yana turewa, ina cewa a raina bari kawai in daina turarawa, in lallashe shi ya sake gwadawa, abin ya kama, magana ta mutu. Na lallasa, ya ƙi. Ya ce in bar shi, ya riga ya san matsayinsa. Sannan na tuna wutsiyar jirgin ma ta sha hayakina kafin ya manna ta, kuma wannan bai gano ba. In da ya ji lallashin nawa, da wata rana ya hau sama da ita a haka. Wannan tunanin ne ya karya min girman kai. Bayan la'asar na je na durƙusa a gefen tabarmarsa, ni da ban saba durƙuso ba, na zayyana masa komai, har da sunan turaren da na yi amfani da shi.

Ya tashi ya shiga gareji, ina biye da shi ina jiran saukar aradu. Ya ɗauko guntun faiba daga wanda ya sha hayaki, ya ɗauko wani daga cikin kwali da yake a rufe, ya yayyafa musu ruwa. A kan na kwalin ruwan ya bazu ya kwanta, a kan nawa kuwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce a hankali, “Ashe ba hannuna ba ne.” Ya maimaita. Daga nan dariya ta kama shi, irin wadda rabona da ji tun kafin ciwon, har ya dafa fiffike hawaye na zubo masa. Ni ina kuka, shi yana dariya. Da ya samu numfashi ya ce, “Hajiya, wato gyaran amarya kika yi wa jirgina?” Na ce ai da ya gode min, don duk duniya babu jirgin da ya kai nasa ƙamshi.

Hukuncin da ya yanke min shi ne samfefa. Duk inda hayakina ya taɓa sai da muka kankare har ƙasa, muka wanke da maganin da ke cire maiƙo, har wutsiyar ya ɓalle ya sake. Na kwashe kaskona da suyar icena na mayar gidan ƙanwata a Mafoni. Lallena ya goge, farcena ya kakkarye, ƙaiƙayin faiba ya hana ni sukuni, matan unguwa suna tsokanata wai an ɗauke ni aiki a gareji. Ni dai ban taɓa jin daɗin aure irin na watannin nan ba. Shi ke awon gam da hannun nan nasa, ya jingina gwiwar hannu a tebur, ni ina riƙe yadi. Ranar da ya bi fiffiken da kwabo tun daga tushe har ƙarshe ƙara tana fita tas-tas, sai da na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Sauran aikin ya ɗauki lokaci, ga inji, ga masu dubawa da suka zo suka ƙwanƙwasa ko'ina, ga neman izini da ya kusa sa mu furfurar da ta rage. Ranar da aka yarda, wani matuƙi da ya taɓa aiki da maigidana shi ya fara tashi da shi shi kaɗai. Ya sauka lafiya, ya ce Baba, wato maigidana, ya zo ya hau. Ina tsaye a bakin fili da laffayata a baki ina karanto duk addu'ar da na iya, na ga abin da ya kwanta a garejina ya ɗaga ya zama ɗan tsuntsu da mijina a ciki. Da suka sauko ya ce min ya hango rufin gidanmu da dalbejiyar, kuma wai daga sama 'yar ƙarama ce ƙwarai. An yi min tayin hawa, na ce na gode, ni nawa aikin a ƙasa yake.

'Yan'uwana mata, har da maza, ga abin da na koya. Ƙauna ba ta hana ɓarna. Abin da yake karramawa a sana'arki yana iya zama guba a sana'ar wani, don haka kafin ki taimaka wa mutum a aikin da ba ki sani ba, buɗe baki ki tambaya. Wanda ya fi wannan kuma, in kin ga wani yana ɗora wa kansa laifin da ke kika san naki ne, kada ki bari ya wuni da shi. Shi ya yafe min turaren tun ranar, har labari yake ba baƙi yana ƙara gishiri. Kwanakin da na yi shiru ina kallonsa yana ɓoye hannunsa a cikin riga, su ne ni ban gama yafe wa kaina ba. Hannun nan har yau yana rawa in ya ɗauki kofin shayi, kuma shi ne ya mayar da jirgi sama.