Yashi a Kwanar Embatkala

Duk direban da ke bin hanyar Asmara zuwa Massawa ya san Kiflom, in ma bai san sunansa ba ya san tsintsiyarsa. Kowace Lahadi, ana tashi daga coci, zai ɗaure ta a jikin tsohon kekensa na tsere ya gangara, yana tsayawa kwana bayan kwana yana share yashin da ruwa ya kwaso daga kan dutse ya zube a kwalta. Ba wanda ya sa shi. Direbobin manyan motoci sai su leƙo ta taga su ce, "Aboy Kiflom, in ka gama da dutsen ka zo ka share mana tsakar gida!" Shi kuma ya ce, "Ka fara wanke wuyanka tukuna, ƙazami." Su yi dariya su wuce su bar shi cikin hayaƙi.

Sauran kwanaki yana shagonsa na gyaran keke a bayan kasuwar Medeber. Siriri ne, ya haura sittin, ga faɗan tsiya. Ka kawo masa keken da ka shafa wa sarƙarsa baƙin man mota, ranar ka ji abin da uwarka ba ta taɓa faɗa maka ba. Amma da kunne yake miƙar da taya, ya juya ta ya saurara, ya taɓa waya biyu ko uku, ta miƙe sak. 'Yan tsere na jure bakinsa saboda hannunsa. Abu biyu ne kawai suka kasa gane kansa a kai. In an fita tare ba ya yarda ya shiga gaba ko da wasa, kuma in yana gangara shi kaɗai yakan riƙa waiwaye, alhali babu kowa a bayansa sai birai a kan katangar hanya.

Abin da yake ji ne ke sa shi waiwaye. Kas-kas ɗin nan da tayar baya ke yi idan mutum ya daina taka feda, shi yake ji dab da shi, tun daga Arbaroba har ƙasan Embatkala. Ya san ƙarar, don shi ya ɗaura wannan tayar da hannunsa. Ta amininsa Weldu ce, Weldu kuwa ya shekara ashirin da bakwai a kabari.

Tare suka taso, tare suke tsere. Kiflom ke da ƙarfi, Weldu ke da wayo da baki. Sai ya laɓe a bayan Kiflom yini guda iska na dukan Kiflom, in an hango ƙarshe ya fito ya wuce yana fito, yana cewa, "Na gode da inuwa, ɗan'uwa!" A wannan sana'a, wanda ke baya makaho ne. Tazararsa da tayar gaba ba ta fi taƙi ɗaya ba, hanya ba ya ganinta, hannun na gaba yake kallo. Rami ne, dutse ne, yashi ne, na gaba ya saki hannu ɗaya ya nuna. Ko wanda ya zagi ubanka ne a bayanka, sai ka nuna masa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ba mai keta shi.

Ran da abin ya faru sun tsaya shan shayi a Nefasit, hazo ya rufe dutsen har ba a ganin gidan sufaye da ke samansa. Weldu ya dafa kafaɗar Kiflom a gaban jama'a ya ce, "Kun ga jakina? Shi ke ɗauko ni har ƙofar gida, ko dusa ba na ba shi." Aka kwashe da dariya, har mai shayin. Kiflom ma ya yi dariya, amma abin ya yi masa ciwo. Suka gangara su biyu, ya taka iya ƙarfinsa, Weldu na manne da shi. A kwana ta uku ƙasan Embatkala ya hango yashi ya shimfiɗu a gefen kwari. Hannunsa ya fara tashi da kansa. Sai ya mayar da shi kan birki, ya ce a ransa, bari ya ɗan tsorata ya ja baya, yau dai in tsere masa. Ya kauce ta ciki. Weldu ya bi ta waje, yashin ya kwashe shi zuwa kwarin.

Kowa ya ce hazo ne. Kiflom bai musa ba. Abrehet, matar Weldu, tana goye da 'yarsu Luwam a lokacin, ta riƙe hannunsa a wajen makoki tana yi masa godiya, don shi ya sauka kwarin ya tallabe kan mijinta awa biyu kafin a sami mota. Tun daga nan gidan ya zama kamar nasa. Shi ya saya wa Luwam keken farko, shi ya koya mata faci. Ya so yarinyar nan so na gaske, kuma duk lokacin da ta kira shi Aboy, wato baba, sai ya ji kunya ta rufe shi har ƙafa.

To, Luwam ta girma, ta zama ma'aikaciyar jinya, tana hawan keke da ƙungiyar mata. Wata Talata ta shigo shagon ta zauna a kan tsohuwar taya ta ce, "Aboy, Lahadi za ka kai ni teku. Hanyar da babana bai ƙarasa ba nake so in ƙarasa. Kai a gaba, ni a baya."

"Ga mota nan cike da tasha, ki hau mana."

"Tsoho, tsoro kake ji in wuce ka?"

"Ke da ƙafafun nan naki kamar na zabuwa? Tashi ki ba ni wuri."

Ba ta tashi ba, sai ta kawo zancen mahaifiyarta. Ta ce, "Adey ta ce in ba kai ba ne a gabana, ba inda za ni. Ta ce hannunka kaɗai ta yarda da shi."

Kiflom ya daɗe yana goge sifana ɗaya da tsumma. Ya ga ba zai iya barinta ta bi bayansa tana ɗauka shi wani ne daban ba. Ya ce to, ya kuma ƙudura a ransa kafin su ga ruwa zai faɗa mata, ko da shi ne ƙarshen zamansa Aboy a gidan.

Suka fita da sassafe. Tun daga Durfo hannunsa bai huta ba. Ya nuna rami, ya nuna tsakuwa, ya nuna ɓawon lemo, har kashin akuya sai da ya nuna. Luwam ta ɗaga murya daga baya, "Aboy, keke kake tuƙi ko rawa kake koya mini?" Ya ci gaba da nuninsa. Kunnensa na baya. Yau akwai kas-kas na gaske, nata, sabo mai kaifi. Amma a ƙarƙashinsa akwai ɗayan, tsoho mai ɗan jan numfashi, yana biye da su bai yi nisa ba.

Da suka kai kwanar nan ta ƙasan Embatkala, ta ce su tsaya. Kwaltar fes, shi ya share ta makon jiya. Ta leƙa kwarin, ta gicciye goshinta da ƙirjinta, ta ɗauki ɗan dutse ta ajiye a kan katanga. Ta ce, "Nan ne?" Ya ce, "Nan ne." Ta ce, "Allah ya sa ma kana tare da shi." Maganar ta zo masa har baki. Sai wata mota ta taho tana ham, ya matsa gefe, da ta wuce ya ce rana na yi, su tafi. Ya tsani kansa a wannan lokacin fiye da kowace rana.

Suka sha lemo a Ginda, suka cire rigunan sanyi a Dongollo. Daga Gahtelay duwatsu suka ƙare, aka shiga ƙananan tuddai, hau ɗaya gangara ɗaya, zafi na tasowa daga kwalta kamar an buɗe tanda. Raƙuma na kallonsu ba su damu ba. A kowane tudu Kiflom sai ya ce a na gaba, a na gaban kuma ya ce bari numfashi ya dawo. Haka tuddan suka ƙare masa ɗaya bayan ɗaya, har iska ta canza wari, ruwa ya bayyana shuɗi a ƙarshen hanya. Ba su shiga gari ba, suka bi gaɓar teku zuwa Gurgusum, Luwam na ihun murna a bayansa.

Ta jingine keke, ta cire takalmi, ta shiga ruwa har gwiwa. Shi ya tsaya a kan rairayi riƙe da kekensa. Da ta fito ya ce, "Luwam, zauna. Ba hazo ba ne."

Ya faɗa mata duka, shayin Nefasit da dariyar da yashin. Bai rage ba, bai kuma nemi uzuri ba. Ya ce, "Na gani sarai. Hannuna ya tashi, ni na mayar da shi."

Ta shiga kakkaɓe rairayi daga yatsun ƙafarta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Sai da ka kawo ni nan. Kilomita ɗari da wani abu ina kallon hannun nan."

"Na so in faɗa a kwanar."

"Adey ba za ta ji wannan ba. Ka ji ni? Kai ka gaji da kaya ka miƙo mini, to na karɓa. Ita a bar ta."

Ya gyaɗa kai. Ya zata in ya faɗa zai ji sauƙi, sai ya ga fuskarta ta zama irin wadda yake gani a madubin shagonsa, ya gane bai sauke komai ba, raba shi kawai ya yi biyu.

Ta ce, "Awa biyun nan a kwari. Ya yi magana?"

"Sau ɗaya."

"Me ya ce?"

Kiflom ya kalli ruwan. Ya ce, "Cewa ya yi, 'Yi haƙuri, ɗan'uwa, ban ga hannunka ba.'"

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce masa, 'Ba komai.'"

Luwam ta sa takalminta, ta ɗaure igiyar a hankali, ta tura kekenta zuwa kwalta ita kaɗai.