Kallabin Inna

A Damagaram aka haife ni, ƙasar Faranshi kamar yadda ake ce mata a lokacin. Aure ne ya kawo ni Kano, unguwar Fagge, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Maigidana awon fata yake yi a wani kamfani, in ya fita da safe sai la'asar. Ni kuwa ba mai son fita ba ce. A ba ni tsakar gida da wanda zan yi wa surutu, shi ke nan an gama da ni.

Da na zo, na ɗauka ba ni da abin koyo. Hausa suke yi, Hausa nake yi. Kwana biyu da tarewa na leƙa ɗakin tsohuwar da muke haya a gidanta, wata Babarbariya da iyayenta suka zo daga Barno tun ba a haife ta ba. Kowa Iya yake ce mata. Na ce ta ara mini alimeti. Ta dube ni, ta ce ba ta san shi ba, ɗan wace unguwa ne? Sai da na kwatanta ƙyastawa da hannu sannan ta ce ashana nake nufi, ta miƙo mini. Na buɗe na duba. Alimeti ne dai, har kan nasa.

Haka aka yi ta yi. Butik ɗinmu shi ne kantinsu. Lakwal makarantar boko ce. Ni kuma abin da kunnena ya ji sau ɗaya ba ya zubarwa, don haka cikin wata uku na kama kan garin: duk kayan Kano irin namu ne, suna kawai Ingilishi suka sauya musu. Sukari ne ya so ya ƙaryata ni. Namu dunƙule yake zuwa, sai an sa taɓarya an fasa, nasu kuwa an yayyanka an jera a kwali kamar masu sahun salla. Amma zaƙin ɗaya ne, sai ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, mai fataucin kanwa da dabino tsakanin Damagaram da Kano. A Fagge yake sauka, shi ne wasiƙarmu. Wani zuwa da ya yi, bayan ya ci tuwo ya wanke hannu, ya ce Inna, mahaifiyar tawa, ta aiko a saya mata likkafani. Na tambaya ko ba ta da lafiya. Ya ce lafiyarta ƙalau, ranar da zai taho ma da kanta ta kori jakin maƙwabta daga rumbu. Ita dai mace ce da ba ta son a zo a same ta ba shiri. Ta ji an ce alawayyon Kano ya fi na butik haske da kauri, metir goma take so, kuma ni ta ce in saya da hannuna, ban da aike. Ta riga ta tsara yadda za a yanka, zane da riga da mayafai da kallabi. Inna doguwa ce, ba ta bar wa kowa wannan tunanin ba.

Tun da na yi aure ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan.

Maigida ya ba ni izini, Iya ta raka ni kasuwar Sabon Gari. Ranar na fara shiga. Ban ga abin da na gani ba sosai, don mayafi na ja har hanci, amma na ji. Harsuna sun fi biyar a layi ɗaya, kowa kuma da irin Hausarsa. Iya ta kai ni rumfar wata mai yadi, Ibo ce, gajera mai faɗi, ana ce mata Madam. Ita a wajenta kowa namiji ne.

"Kai amarya, me kana so?"

Na ce alawayyo mai kyau, metir goma.

"Yadi goma?"

Iya ta dube ni. Na ce e, shi ne. Har daɗi na ji a raina, na samu sabuwar kalma: metir, yadi, kamar alimeti da ashana. Madam ta ɗauko sandarta ta katako ta auna sau goma ina ƙirgawa, ta ɗan tsaga bakin da almakashi ta yage shi ƙyat. Na naɗe shi a tsumma mai tsabta, Kawu ya tafi da shi.

Sai bayan damina ya dawo. Wannan karon bai jira tuwo ba. Ya kwance bakin rawaninsa ya fito da ƙyallen alawayyo kamar tafin hannu da wata igiyar rama mai ƙulli a kowane baki. Ya ce Inna ta yanka komai ya fita daidai, da aka zo kan kallabi sai yadi ya ƙare. Igiyar nan ita ce tsawon abin da ya rage.

"Ta ce in tambaye ki, da kai a buɗe kike so ta je?"

Na ce goma aka auna a gabana. Ya tambaye ni goman me. Na ce yadi, wato metir. Nan Kawu ya yi mini bayani a hankali, kamar mai magana da marar lafiya, cewa sandar Ingilishi ba ta kai ta Faranshi ba, kusan faɗin yatsu huɗu ne tsakaninsu. Yatsu huɗu sau goma, ga kallabi ya tafi.

Na ce to a saya mata wani farin a can ta cike. Ya ce an ba ta wannan shawarar, ta ce ba za a kai ta da fari iri biyu ba kamar wadda aka yi wa karo-karo. Daga turmin da aka yanko na farko take so. Sannan ya ce tun tsakiyar damina ba ta fita tsakar gida sai an riƙe ta. Motar da zai bi jibi za ta tashi.

Washegari da hantsi muna gaban Madam. Iya ce ta fara magana, ta kuma fara ta inda bai kamata ba, ta ce yadi bai cika ba. Madam ta miƙe. Ta ɗaga sandar tana nuna wa maƙwabtanta, ta ce shekarunta nawa a kasuwar nan ba a taɓa cewa sandarta ta ci yadin kowa ba. Sai da na rantse mata cewa sandarta ba ta da laifi, kunnena ne mai laifin, sannan ta zauna. Na ba ta ƙyallen da igiyar, na gaya mata ko na mene ne.

Ta murza ƙyallen a yatsu, ta ce wancan turmin ya ƙare tuni. Ta sauko da farare huɗu muka kara. Ni da nake cewa fari fari ne, ranar na ga wani ya yi shuɗi-shuɗi, wani kamar nono, wani sharara. Babu wanda ya hau. Na ce ko a ba ni mai kama da nonon, ai tsohuwa ce, ba lallai ta gane ba. Madam ta ce wadda ta aiko igiya daga wata ƙasa za ta gane.

Ta bar wa maƙwabciyarta rumfa ta ce mu biyo ta. Muka bi ta cikin layukan Sabon Gari har wani gida mai ɗakuna a jere, ƙamshin busasshen kifi da manja ko'ina. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ashe ƙarshen turmin ta ajiye wa kanta, za ta yi ɗaurin kai na zuwa coci da shi in bikinsu ya zo. Ta ce ita ma uwarta tana can ƙasarsu, kwana biyu a jirgin ƙasa, kuma duk abin da ta aika mata sai ya dawo da magana.

Muka kara ƙyallen, ya ɓace a jikin yadin. Muka shimfiɗa igiyar, yadin ya wuce ta da taƙi guda. Na ce ta yanke rarar.

"Bar shi. Wataƙila kan mamanka babba ne."

Kawu ya tafi da shi a motar jibin. Na yi wata biyu ina kasa kunne duk sanda aka yi sallama a zaure. Da ya dawo ya ce saƙo ya isa, Inna ta kara shi da sauran a rana ta ce shi ne. Ta kuma ce a tambaye ni, rarar nan fa, an gaya mini kanta ya kumbura ne?

Ta tashi daga wannan ciwon. Ta ƙara shekara shida, duk ƙarshen damina tana fito da kayanta ta shanya ta mayar. Da ta rasu ban samu zuwa ba sai bayan an yi bakwai, don labarin ma a bakin Kawu ya zo. Yayata ce ta yi mata sutura. Ban tambaye ta yadda aka yi jinya ba sai daga baya. Abin da na fara tambaya shi ne ko ya isa. Ta ce ya isa, kallabin har sau biyu ya zagaya.

Igiyar tana nan a cikin kwallata. Ɗan kunne ɗaya da ya rasa ɗan'uwansa nake ɗaurewa da ita.