Kwalaben da Na Riƙa Aika wa Baffa

Ana idar da sallar asuba muka ɗauki hanya ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da ƙanwata da wani abokina da ya taimaka da motarsa. Ƙauyenmu muka nufa, can bayan Dugabau a ƙasar Kabo, wajen mahaifinmu da muke kira Baffa. Wata takwas ke nan yana fama da ciwon da ba wanda ya san sunansa. Ba zazzaɓi, ba tari. Ya dai daina magana, ya daina fita majalisa, abinci sai an yi da gaske, ga ciki kullum a ɓace. Inna, mahaifiyarmu, ta bugo waya ta ce in muna son mu same shi da sauran ƙarfi to mu zo.

Da gajiyata na fito, don ni tela ne, kuma ɗinkin biki ya sha min kai duk makon. Amma ban manta da tsarabar da na saba ba: kwalba shida ta maganin wankin ciki, da katin kafso ɗin nan ja da yalo. Duk wata nake aika masa irinsu ta hannun direbobi. Ƙanwata ta leƙa but ɗin motar, ta gan su, ta yi tsaki. Mun sha yin faɗa a kan maganin nan, kullum da girma nake danne ta.

Daga Kabuga zuwa Janguza tafiya ta yi daɗi. A Rimin Gado muka tsaya karyawa wajen mai shayi. Ƙosan zamanin nan ya ƙanƙance, sai ka haɗa uku kafin baki ya san an sa masa wani abu, kuɗin kuwa bai ƙanƙance ba. Da muka sauka daga kwalta sai labari ya canza. An kwana ana ruwa, hanya ta zama kwaɓa. Gonaki dai sai hamdala, masara ta yi goyo, gyaɗa ta rufe kunya, dawa ta wuce tsayin mutum. Sau biyu motar tana kafewa. A na biyun wasu manoma ne suka ajiye fartanya suka tura mu, kuma da suka ji inda za mu, ko sisi suka ƙi karɓa, suka ce a gai da mai jiki. Farar shaddata kuwa ta tashi daga aiki.

Da hantsi muka isa. Mun tarar da Baffa a kan buzu a gindin ɗorawa, yana fuskantar turakun shanu, babu ko maraƙi. Mu asalinmu makiyaya ne, noma daga baya ya zo mana. Wurin kiwo ya yi ta tsukewa, shanu suka yi ta raguwa, har bara aka sayar da ukun ƙarshe. Daga nan kindirmo ya bar gidanmu, shayi da burodi suka maye gurbinsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ka. Wallahi sai da hawaye ya zo min, don rigarsa kamar an rataye ta a ƙusa.

A gidanmu duk ciwon da aka rasa kansa, dattin ciki ne. Haka muka taso muka gani. Ko mutum ya cika fushi ko ya cika shiru, sai a ce cikinsa ne ya yi datti, a wanke. To haka aka yi wa Baffa. Duk safiyar Alhamis Inna za ta ba shi kofi guda, ya wuni yana zarya bayan gida. In zawon ya ƙi tsayawa ta fasa kafso biyu a kunu ta ba shi. Mako ya zagayo a sake. Har ɗaki ta ja ni ta nuna min kwalaben da ya shanye, a jere a ƙarƙashin gado.

"Ka gani, ko sau ɗaya ban bari ya tsallake ba," in ji ta.

A nan ƙanwata ta tubure, ta ce yau sai likita ya gan shi ko da sama da ƙasa za su haɗe. Muka kama Baffa muka sa a mota, Inna ta shiga gefensa, muka miƙi hanyar Gwarzo a hankali saboda ramuka. Da shigarmu gari muka ci karo da mai magani ya kafa lasifika a kan mota, yana lissafo basir, shawara, sanyi, dattin ciki, duk kwalba ɗaya ke kashe su. Ƙanwata ta juyo ta ce min, ga mutuminka can, ko za a tsaya ku gaisa. Na yi kamar ban ji ba.

A asibiti muka sha zaman benci har aka yi azahar. Ɗanwaken da muka saya a bakin ƙofa ya ji yaji fiye da mai. Likitar da ta gan mu ba ta kai ni shekaru ba, amma tana da haƙuri. Ta duba Baffa, ta ji tarihin kofin Alhamis da kafso, sai ta ajiye biro.

"Wa yake kawo masa waɗannan?"

Na ce, "Ni ne, likita." Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce da muka ce ciki na taɓa hankali, ba mu yi ƙarya ba. A hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, da yawansu masu amfani ne. Su ke taya narkar da abinci, kuma abin da suke sarrafawa yana isa har ƙwaƙwalwa ta jini da ta jijiyoyi. Ita ma ƙwaƙwalwar tana aiko da nata saƙon, shi ya sa mai fargaba cikinsa ke murɗawa. Kafso kuwa maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba ya tantance na kirki da na banza, wankin ciki kuma na ƙara kwashe sauran, ya tafi da ruwan jiki. Ta ce masana na kan binciken abin har yanzu, don haka kada mu ɗauka abinci kaɗai zai warkar da shi. Tana zaton akwai ciwon damuwa, shi ma da maganinsa.

Sai ta jawo kujera kusa da shi. "Baba, me yake damunka?"

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, "'Yata, tun ina yaro kukan shanu ke tashina. Yanzu in gari ya waye, ban san me zan tashi in yi ba."

Inna ta rufe fuska da mayafi.

Aka ɗibi jini, aka ce a daina kwalba da kafso daga yau, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a koma fura da kindirmo, wake, zogale, miyar daddawa, a dawo da shi bayan mako biyu. Kafin mu bar Gwarzo muka tsaya wajen masu nono. Baffa ya karɓi ludayi, ya kurɓa sau biyu, ya ture ƙwaryar, ya ce an sirka da ruwa. Inna har da murmushi, wai rabon da ya kushe wani abu tun kafin azumi.

Bayan la'asar muka sauke su a gida muka juyo. Kowa a motar ya yi liƙis. Ana kiran isha muka shiga Kano, bayana kamar ba nawa ba.

Ban san ko Baffa zai koma yadda yake ba, likitar ma ba ta yi alkawari ba. Na dai koyi cewa ba duk abin da ke cikin mutum ne datti ba, kuma ranar komawa asibiti zan rufe shago ko ɗinkin wa ke hannuna. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, wata takwas ina aika wa mahaifina abin da ke ƙarar da shi, ina ganin na cika ɗa, kuma ko sau ɗaya ban zauna na tambaye shi me yake damunsa ba. Sai da 'yar wasu ta tambaya.