Zuciyar da Ke Gudu a Cikin Ciki

Wa ke gaya wa zuciyar ɗan da ke ciki cewa jini ya yi ƙaranci, har ta kama gudu? Na tambayi malamai, na tambayi masu asibiti, har yau ban gamsu ba.

'Yarmu ta fari ta dawo gidanmu na Moshi Zongo goyon ciki. Zazzaɓin sauro ya sha ta a daminar nan, tafin hannunta ya yi fari fat, ba abin da take so sai farar ƙasa. Na raka ta awo. Ungozomar asibiti ta ɗora mata na'ura a ciki, sai ga bugu kamar ganga ranar bikin Damba. Na yi murna, na ce wannan jarumi ne.

Ungozomar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mama, wahala ce kike ji. Jinin uwar ya yi ƙaranci, abin da ke isa wurin ɗan bai ishe shi ba. Zuciyarsa na aikin mutum biyu. In ta daɗe a haka za ta kumbura, ta gaji." A hoto aka ga mace ce.

Mai gidana mahauci ne, mutumin da. Kunyar 'yar fari ba ta bar shi ya ambaci sunanta ba, balle cikinta. Amma jika abokiyar wasa ce, sai ya bi ta nan. Kullum da hantsi zai shigo da hanta a ganye, ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya don 'yar ta ji.

"Ga toshin amaryata. Ke tsohuwa, kar ki taɓa."

"Amaryar da ba ta ganka ba? Bari ta ga bakin nan ba haƙori."

'Yar tana ɗaki tana dariya, ta fito ta cinye da tuwo da miyar ayoyo. Ƙwayoyin ƙarin jinin da take ɓoyewa ƙarƙashin tabarma, da ya ce amarya ta kawo masa ƙara, ta fara haɗiya.

Allah ya tsare, zuciyar ta lafa. Jikar ga ta can tana tsalle a zaure. Kakan nata ne bai ji labarin ba, kuma wannan ke sa ni kuka har yanzu. Ranar da za mu koma awo yana kwance, ƙirji na damunsa. Na ce zan zauna, ya ƙi. Kafin mu dawo rai ya yi halinsa.

A ranar, kafin mu fita, ina yafa mayafi a bakin ƙofa ya kira ni.

"In an sa na'urar, ki matsa kusa. Ki ce wa amaryata ta rage gudu, ba inda za ni."